Saura Kamu Uku

Shekara talatin ina wanke hanji a kwatar Katsina,
ni Barunje, jikan Barunje.
Na san shi da hannu ko idona a rufe:
inda ya yi kauri, inda ya sirance,
inda kitse ya rungume shi kamar gyale.
Ban taɓa tambayar aikinsa ba.
Na zaci lungu ne kawai, tuwo ya bi ya wuce.

Sai da nawa ya murɗe, daren wata Laraba.
Likita Mannir ya yanke abin da ya mutu,
ya ce, "Baba, saura kamu uku."
Na yi dariya har ɗinki ya motsa.
Kamu uku!
Abin da nake ƙara wa mai saye gyara.

Tun ranar, maiƙo baƙo ne a jikina.
Tabawa ta malala man shanu a miya,
ya shigo da sallama, bai ko zauna ba,
da safe in gan shi ya kama gabansa.
Wandona ya yi mini yawa.
Alhajin Ƙofar Soro yana zuwa teburina:
"Cire min kitsen, an ce kwalastarol ya hau."
Abin da yake gudu
shi nake kira, ba ya amsawa.

Rumasa'u, autata mai karatun likitan dabbobi,
ta zo hutu da wata takarda.
Ta ce a can wata ƙasa
an gwada dashen ƙaramin hanji a jikin alade.
Na ce, "A'uzu billahi."
Na yi shiru.
Na ce, "Ci gaba."

Ta ce jini sun haɗa shi, jijiya da jijiya,
hanjin ya yi ja, ya rayu, har yana motsi.
Amma akwai wasu hanyoyi farare, sirara,
ba su kai zaren kaɗi ba,
su ne 'yan dakon maiƙo.
Wuƙa ta bi ta kansu.
Sai dabba ta ci ta ƙoshi,
kitse ya zo bakin gulbi, ba kwalekwale.

Sau ɗaya na taɓa ganin alade,
a bayan wata mota, na kau da kai, na tofar.
Yau ga shi kwance cikin tunanina
da ɗinki irin nawa daga ƙirji zuwa mara,
ana auna abin da ya ci,
ana auna abin da ya kasa riƙewa.
Ban san ko ana yi wa irinsa addu'a ba.
Ban tambayi malam ba.
Na dai ce, sannu.

Da asuba na lallaɓa kwata, na zauna kan turmi.
Sallau yana fizgar hanji daga kitse,
da gaggawar yaro mai cikakken ciki.
Na ce, "Tsaya. Ɗaga shi sama."
Rana ta ratsa tantanin,
sai ga su, farare fat, kamar saƙar gizo.
Shekara talatin ina tsinka su da babban yatsa.

Na dawo gida na ce, "Rumasa'u,
in an yanke su, suna sake tsira?"
Ta lashi yatsa, ta juya takarda.
Ta ce, "Baba, ban kai wannan shafin ba tukuna.
Sha kununka kafin ya huce."