Rukuni na Bakwai

Ran Litinin aka miƙo mini usur
da takarda mai sunaye goma sha ɗaya,
aka ce, "Nafi'u, ga 'ya'yanka."
Ni da aji biyu kacal na ba su,
ni da har yau nakan ɓata a ginin Kimiyya.

Na tara su a gindin darbejiya,
can inda waya ta raba jami'a da gonar riɗi.
Na kira suna, kowa ya amsa kamar wanda ake bi bashi.
Barira daga Auyo, idonta a kan silifas ɗinta.
Bitrus na Zonkwa, kafaɗa kamar turmi.
Mudassir ɗan birni da farin kambas,
yana ɗaga waya sama, yana neman sabis.
Ebere, Hausarta cikin cokali.
Sauran sun yi cirko-cirko
kamar kajin da aka sayo ranar kasuwar Kafin Hausa,
an kwance musu ƙafa, ba su san gidan ba.

Talata, tseren buhu.
Buhunan taki ne, warinsu na nan.
Mudassir ya shiga kamar an ce ya faɗa rijiya,
tsalle uku ya sha ƙasa,
wata akuya ta ratso fili ta riga shi isa.
Aka yi dariya har alƙali ya manta agogo.
Na ce, "Ba komai."
Da komai.

Laraba, ƙwai a cokali.
Huɗu muka fasa. Daga aljihuna.

Daren nan barci ya ƙi.
Na tuna makona na fari a wurin nan:
kwana shida ba wanda ya kira sunana,
sai mai shayi, shi ma "kai yaro" ya ce.
Na tashi na haska takardar da tocila,
na haddace su, ɗaya bayan ɗaya, har da garuruwansu.

Alhamis aka ɓoye tuta, aka ba mu kacici-kacici:
"Tsohuwa mai yatsu sama,
'ya'yanta sai mai haƙori."
Mudassir ya tambayi wayarsa, ta yi gum.
Bitrus ya ce ko matar kicin ce.
Sai wata murya, siririya kamar zare,
ta fito daga bayanmu:
"Goriba ce."
Muka waiga. Barira.
Kwana huɗu, yau muka ji muryarta.
Ta kwaɓe silifas ta riƙe a hannu,
ta yanki kunya-kunya, mu goma sha ɗaya a bayanta,
ƙarangiya na cin farin kambas,
mai shi bai ko duba ba.

Asabar, jan igiya.
Igiyar rijiyar ƙauye ce, Malam Tasi'u ya ba da aro,
ya ce a dawo da ita kafin shanu su sauko.
Jiƙaƙƙiya, tana ƙanshin laka.
Bitrus ya ɗaura ta a ƙugu, ya kafe dunduniya.
Na sa usur a baki, numfashi ya ƙi fita,
sai Ebere ta karɓe aikina
da kalma ɗaya da ta kama a makon:
"Ja! Ja! Ja!"
Muka ja.
Tafin hannu ya yi wuta, muka ja.
Taƙi ɗaya ya rage,
sannan ƙasa ta zame,
muka zube kan juna kamar dammunan gero.

Na biyar muka zo cikin takwas.
Kyautarmu bokitin roba da sabulu sanda biyu.

Mu goma sha biyu muka ɗauki igiyar a kafaɗa,
muka fita ta ƙaramar ƙofa, muka bi burtali.
Shanu sun riga mu.
Malam Tasi'u ya dubi rana, ya dube mu,
bai ce uffan ba, ya miƙo guga.
Har magariba muna cika kwami,
Mudassir na zuba, Barira na yi masa gyara.

Jiya na wuce teburin mai shayi.
Suna can, benci ɗaya, kofi biyar,
ana gardamar wa zai kwana da bokiti.
Ba su gan ni ba.
Na taɓa usur ɗin a aljihu,
na bar shi inda yake.