Ƙarƙashin Gada ta Bakwai

Biyar da rabi, Utrecht na cikin bargo,
Sietske ta zare wayar caji daga bango.
Jirgin ya kwana yana shan wuta, ya ƙoshi,
ba ya tari, ba ya gurnani,
tafiyarsa sai ka ce mage a kan auduga.

Ƙunshi ɗari uku da sha ɗaya:
takalmin wata, littafin wani, garin kofi,
da wani kwali mai ƙarar kwalabe
da aka rubuta wa "a yi a hankali" da jan biro.

Mahaifinta ya shekara talatin yana jan babbar mota
a waɗannan lunguna na jan bulo,
yana zagin danja, masu keke na zaginsa,
ya ajiye aiki da ciwon baya da tari mai naci.
Ran da ta ce ruwa za ta bi, dariya ya yi:
"Kakana ya bar kwale-kwale don ya ga taya,
ke kin bar taya kin koma gidan jiya."

Kwana aka yi ana tsuga ruwa.
Mashigin ya cika ya batse,
gada ta bakwai ta sunkuyo
kamar mai neman allura a ƙasa.
Sietske ta auna da ido, bai fi taƙi guda ba.
Ta kwantar da sandar tuta,
ta durƙusa tsakanin kwalaye,
dutse ya shafi gashinta ya wuce.

A matakalar bakin ruwa Wiebe na jira
da kekensa mai akwati a gaba,
hanci ja, yana hura yatsu.
"Kin makara minti tara."
"Agwagwa ce ta gitta da 'ya'ya shida,
kai ƙararta ofis."

Kwali na tashi daga hannu zuwa hannu.
Can sama motoci sun cushe,
wani na danna oda kamar ita ce mabuɗin titi.
Nan ƙasa har ɗigar ganye ana ji.

Ƙunshin ƙarshe ɗan mitsitsi ne.
Ta duba adireshi, ta sake dubawa:
lamba arba'in, koriyar ƙofa.
Maganin tarin tsohon ne.

Yana taga riƙe da kofin shayi,
ya hango jirgin tun daga kwana.
Bai ɗaga hannu ba,
amma ya sauko matakalar da kansa,
ya ma manta da sanda.