Kafin Gulbi Ya Iso

Bazara ta kai wuya a Sumarana.
Gulbi ya koma rairayi, yara na ƙwallo a cikinsa.
Mu bakwai ne a gindin mangwaron Nomau,
da tsohon littafin lissafi, da biro mai yi yana ƙi,
muna rabon ƙasar da taku sittin ke gama ta.

Nomau ya ce albasa.
Albasa kuɗi ce, a kai ta kasuwa a dawo da gero.
Kuluwa ta kakkaɓe zanenta:
"Wanda ya zo rumbun tsimi ran da hatsi ya ƙare,
gero za a auna masa, tiya biyu, na sani.
To da me zai haɗiye tuwon? Da yawu?"
Ba wanda ya tanka,
sai kurciya can sama.

Muka ja layi da tsinke.
Gefen rijiya na zogale ne,
shi da ba ya riƙo:
a sare shi yau, jibi ya miƙo hannu.
Kuɓewa a tsakiya, a yanka, a shanya,
ta shekara a buhu ba ta manta yauƙinta ba.
Yakuwa ta bi shinge.
Rama, in irin ya isa.
Tumatir ya jira sanyi, ba mu da ruwan lallashinsa.
Nomau muka bar wa fangali biyu,
don injin ban-ruwan nasa ne.

Barira ta kwance bakin gyale,
ƙulli uku, da kwalbar magani cike da toka.
Irin uwarta ne, in ji ta, daga Tarna,
bai taɓa ganin kanti ba.

Rijiya kuwa, bara gaba huɗu, bana shida.
Injin na tari, mai ya yi tsada,
don haka muka raba guga kamar gado:
Asabar ni, Lahadi Mantau da 'ya'yansa,
Litinin wanda Allah ya tashe shi da wuri.

Ina neman farar takarda in rubuta
sai littafin ya buɗe inda ban so ba.
Bara waccan, watan da kwanonmu ya kwana a kife.
Ga sunana, layi na goma sha ɗaya,
baki tara, tiya biyu,
ga dangwalen yatsan matata, don ni kunya ta hana ni zuwa.
Mun ci tuwon nan da gishiri da ruwan zafi.

Kuluwa ta gani. Na san ta gani.
Ta ce, "Rubuta: taki amalanke uku, kafin Juma'a."
Na rubuta.

Da la'asar jikar Barira na bin bayana,
ina sara, tana jefa ƙwaya uku, tana takewa da diddige.
"Baba, wa zai ci wannan?"
Na ce ban san shi ba tukuna.
Ƙila yanzu rumbunsa cike yake,
yana can yana dariya a bakin titi.

Ta ƙara ƙwaya ɗaya a ramin.

Wajen Madarunfa sama ta ƙifta sau biyu.
Mantau ya ce ƙarya take, saura mako uku.
Muka ɗaure ƙofar ƙaya saboda awakin Ɗan Jimo,
na sa littafin a hammata,
ƙafafuna duk taɓo.