Shafin da Babu

Dala ɗari na saye shi bakin tasha,
wurin tsohon da ke baza littattafai bisa buhu.
Bango ya tafi, ɓera ya ci sunan mai shi,
ƙarshen kuwa wata mai ƙosai ta riga ni.
Tsohon ya sani sarai,
ya karɓi kuɗinsa, bai faɗa ba.

Ni mai gadi ne, siton wake a Mokoyo.
Nomau mai shayi ne, teburinsa na jingine da bangona.
In dare ya raba, kuran ya tafi yawonsa,
ni in kunna tocila, shi ya hura gawayi,
ya ce, "Tsahiru, ina muka kwana?"
Shi boko bai taɓa ratsa kansa ba.

A ciki akwai Zartau, mai takobin da ke magana,
takobi mai baƙin baki, mai gori tsakiyar faɗa.
Akwai abokinsa Ci-ka-rage,
gajere, mai tumbi, ƙarya ta fi shi tsawo,
mai rantsuwa kowace safiya:
"Yau kam, da an zare ƙarfe, ni na arce."
Shafi ɗari biyu yana wannan rantsuwa,
ko sau guda bai gudu ba.

Ran da ya shiga fadar aljanu cikin zanen mata,
ya fito da cinyar rago ƙarƙashin lulluɓi,
Nomau ya yi dariya har ya zuba gishirin ƙwai
a shayin wani direba.
Direban ya zage mu tas, ya haɗa da kakanni,
dariyar ba ta tsaya ba.

Sai gada.
Sai mayaƙa dubu a baya, Zartau da kibiya a cinya.
Ci-ka-rage ya ɗaure shi bisa raƙumin da ya rage,
ya ce, "Je ka, na manta tukunya a wuta,"
ya juya da takobin aro, gwiwa na kaɗa gwiwa.
Na lashi yatsa, na juya shafi.
Babu shafi. Zare ne kawai.

"Sai me?" in ji Nomau. Na ce, "Sai gobe."
Goben ta iske shi a babbar likita, gado na bakwai,
ƙafafu sun kumbura kamar turmi,
muryar da ke kiran "shayi!" ta koma raɗa.
Bai tambayi teburi ba, bai tambayi masu bashi ba.
Ya ce, "Gajeren nan, ya tsira?"

Na buɗe daidai wurin zaren, na gyara murya.
Na ce ya faɗa gulbi, tumbin ya ɗauke shi kamar gora,
ya ɓulla garin masunta, ya ci bashin kifi,
yana can yana rantsuwa shi ya kar dubu,
dubu da ɗaya in an sa da sauro.
Nomau ya yi dariya, tari ya karɓe ta.
Da ya lafa ya ce, "Ba na karatu, amma ina ƙirga.
Takardun nan sun ƙare tun muna gida.
Ci gaba."

Dare uku ina karanta masa zare.
A na huɗu ban sami mai saurare ba.

Bayan damina, direban nan mai gishiri
ya tsaya da motarsa, ya fito daga hanyar Ɗan Isa,
ya miƙo mini littafin, sabo fil, da bango, da ƙarshe.
Ya dubi inda teburi yake da,
ya ja motarsa, ko ruwa bai sha ba.

Yana nan ƙarƙashin tabarma, kusa da tocila.
Shafi goma sha biyu ne, na ƙirga su ta gefe.
Wanda ya rubuta ya san inda ya kai gajeren.
Ni dai na bar shi garin masunta da bashin kifi,
kuma har yau ban buɗe ba.