Allon Bakin Hanya

Ranar Laraba aka kira ni da gwangwanin fenti,
kore da fari, da buroshin da ya fara sanƙo.
Ƙaramar hukuma ta aiko da fallen ƙarfe daga Daura:
a rubuta sunan gari kafin kwalta ta iso.

Gari? Gida arba'in da bakwai ne,
in an haɗa da na marigayi Sambo da awaki suka gada.
Masallaci ɗaya, injin niƙa ɗaya mai tari tun bara,
rijiya ɗaya, suna biyu.
Na gabas, masu gero, su ce Rijiyar Kuka.
Na yamma, masu shanu, su ce Ɓunndu Ɓokki.
Kukar dai ɗaya ce,
kuma ba ta taɓa tanka wa kowa ba.

Mai'unguwa Ɗantsoho ya ce, "Namu a sama,
da shi direbobi suka san mu."
Arɗo Giɗaɗo ya dogara sandarsa,
ya amsa da Hausar da ta fi tawa tsabta:
"Direba baƙon jiya ne. Kakana ya haƙa ta."
"Kakanka ya haƙa, nawa ya ɗaure mata baki."
Aka yi ta ja har inuwa ta gudu daga tabarma.

Ni kuwa wa zan bi?
Ubana da Hausa yake yi mini faɗa,
uwata da Fillanci take lallashina.
In kuɗi nake ƙirgawa: ɗaya, biyu, uku.
In maruƙa ne: go'o, ɗiɗi, tati.
In na yi tuntuɓe cikin dare
ban san da wanne nake ihu ba.

Sai ga Yakumbo da ƙwaryar nono a ka,
ba ta ko tsaya ba.
Ta ce, "Maza ke nan.
Ko faifai gaba da baya gare shi."

Na rubuta ɗaya nan, ɗaya can.
Na daɗe a kan lanƙwasar Ɓ
kamar mai gyara ƙahon karsana.

Laifin na leburori ne, na rantse.
Ina sallar la'asar suka kafa shi a juye,
suka zuba siminti, suka hau mota.
Yanzu mai fitowa daga gonakin gabas
Ɓunndu Ɓokki ke yi masa maraba,
mai koro shanu daga yamma
Rijiyar Kuka ce ke tarbarsa.

Ɗantsoho ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata.
Na huɗu na same shi gaban allon da sassafe,
shi kaɗai, leɓɓansa na motsi.
Da ya gan ni sai ya ce, "Jam waali,"
ya murtuke fuska, ya wuce.

Damina biyu ke nan.
Tsatsa ta fara cin K ɗin Kuka,
bunsuru na sosa wuya a ƙafar hagu.
Uwata ba ta karatu,
amma in za ta ɗebo ruwa takan tsaya,
ta tambaye ni wane gefe ne nata,
sannan ta shafa ɗayan, don tana mantawa.

Kwalta ba ta zo ba har yau.
Kuɗin fentina ma haka.