Kwana Casa'in

Takarda ta iso ran Talata, ana ruwa a Agege.
Ɗan aike bai ko zauna ba.
Kwana casa'in, in ji banki, ga jan tambari a ƙasa.

Don motar tumatir na ci bashin,
ta kife a hanyar Ibadan, ta yi wa kwalta miya.
Gidan ne jingina: ɗaki shida, da rijiya,
da mangwaron da Uwani ta dasa shekarar haihuwar Sallau.

Lauya ya ce in roƙe su ƙarin wa'adi,
a daddatsa biyan.
Maman Bisi ta leƙo ta katanga:
zuba 'yan haya, ku matsu a ɗaki biyu,
wa ke miƙe ƙafa a Legas?
Dillali kuwa ya bi bango yana ƙwanƙwasawa
kamar mai zaɓen kankana.
Sayar da hannunka, Alhaji, ka riƙe ragowa.
In suka kaɗa ƙararrawar gwanjo,
ko kuɗin mota ba ka gani.

Da dare na yi lissafi a bayan takardar tasu.
Jirgin ƙasa ya wuce, taga ta yi rawa.
Da babu gara ba daɗi, na sani,
amma karin magana ba ta tare ruwan sama.

Da asuba na iske Uwani tana share gindin mangwaro.
Ba ta ɗago ba, ta ce:
in za ka sayar, tambayi mai saye
ko zai bar itacen.

Na sa takalmi.
Sai takwas ake buɗe banki.
Da roƙo zan fara,
lambar dillali tana aljihun hagu.