An Rubuta Ni Cikin Masu Niƙa

Shagona na bayan gadar Kwangila,
tsakanin mai facin taya da mai awara.
Na liƙe bango da kwalin ƙwai
kada hon ɗin tirela ya faɗa waƙar mutane.

Fiyanon nan ɗan gwanjo ne,
haƙoransa uku sun mutu tun bara.
Na taya sabo a Sabon Gari,
Obinna ya danna kalkuleta ya juyo mini fuskarta:
dala ta hau, kwastan ya hau wuyan dala.
Na yi masa sai an jima.

Ran Talata mai haraji ya zo, biro a kunne.
Takardarsa da tela, da wanzami, da mai niƙa,
babu gurbin mai haɗa sauti.
Ya ce, “Injinka na ƙara?”
Na ce, “Yana yi.”
Ya rubuta ni cikin masu niƙa.
Ban yi musu ba.
Ai niƙan nake: muryar wannan, kiɗan wancan,
in tankaɗe, in zubar da tsaki.

Rediyo ta ce akwai tallafin masu fasaha.
Sau uku ina cike fom a waya,
shafin na juyi kamar akuya a turke
har datata ta ƙare.

Jiya Baba Sallau ya taso daga Ƙofar Doka,
kalangu a hammata.
Na ce buga sau ɗaya. Ya buga.
Kwamfuta ta haɗiye, ta maimaita sau ɗari,
ba gumi, ba neman goro.
Ya daɗe yana kallon allon.
Ya ce, “In an yi mata liƙi,
wa ke durƙusawa ya tsince?”
Na miƙa masa dubu biyu, ina kallon ƙasa.

Ya ce, “Fatar ganga in ta saki,
wuta ake nuna mata. Taka fa?”
Na ce, “Ita ma wutar take jira.”
Ban rufe baki ba aka ɗauke.

Janareta ba mai. Fanka ta tsaya.
Cikin duhun nan ya matse tsarkiya,
kalangu ya kira sunan kakana,
sunan da ban taɓa gaya wa kwamfuta ba.
Mai awara ta bar kasko ta leƙo.

Ko daƙiƙa ban ɗauka ba.
Har yanzu ina neman abin da zan gaya wa mai waƙar
in ya zo karɓar aikinsa gobe.